Sunayen Ciyawa da Gona a Ƙauyukan Ingila

Shekaru da dama da suka wuce, lokacin da nake koyar da adabin Turanci a wata makarantar sakandare, muna cikin karanta waƙar da Thomas Gray ya fitar a 1751 a kan maƙabartar wani ƙauye, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, mene ne bambancin ‘lea’ da ‘meadow’ ɗin da muka sani, kuma me ya sa a wani baitin ya ce ‘glebe’ bai ce ‘field’ ba?” Na buɗe ƙamusun da ke kan teburina, na tarar fassarar da ya ba su ta kusa zama ɗaya, don haka na ce mata dukansu fili ne mai ciyawa ko kuwa gona. Ta rubuta, muka ci gaba da darasi, amma amsar ba ta kwanta mini a rai ba, domin ni ɗan manomi ne, kuma na san duk wanda ya ce fadama da jigawa da saura da makiyaya abu ɗaya ne, to bai taɓa riƙe fartanya ba. Mutanen da suka shafe ƙarnuka suna ci daga ƙasa ba za su ƙirƙiro kalma goma domin abu guda ba.

Da Allah ya nufa na je Ingila wani gajeren kwas na malaman harshe daga ƙarshen watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli, sai na ƙudura cewa ranakun Asabar da Lahadi da abokan tafiyata ke warewa domin kasuwannin Landan, ni zan kashe su a bakin gonaki, in ga waɗannan kalmomi da idona a inda aka haife su.

Na fara da Oxford, domin nan ne masaukinmu. A arewa maso yammacin garin, tafiyar da ba ta kai rabin awa a ƙasa ba daga tashar jirgi, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili a gaɓar Kogin Thames da ake kira Port Meadow. Na isa da hantsi, na tarar da shanu da dawakai sun bazu suna kiwo babu makiyayi babu turke, ciyawar kuwa gajera ce ƙwarai saboda bakin dabbobi ba ya barin ta ta tashi. Haƙƙin da mutanen garin ke da shi na sakin dabbobinsu a wurin yana rubuce tun a cikin Domesday Book, kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka tattara a 1086, kuma mafi yawan filin bai taɓa ganin garma ba. Wani dattijo da ke zagayawa da karensa ya ga ina rubutu, ya tsaya muka gaisa, da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya ce idan har zan bi maganar manoma, sunan wurin ma ya saɓa wa aikinsa, domin filin da dabbobi ke ci a tsaye “pasture” ne, “meadow” kuwa shi ne wanda ake hana dabbobi shiga, a bar ciyawar ta girma, a yanke ta a shanya a adana.

Wannan ne darasin farko, kuma asalin kalmomin ya gaskata dattijon. “Meadow” tushensu ɗaya da “mow”, wato yankan ciyawa, ita kuwa “pasture” ta shigo ne daga Latin ta hanyar Faransanci, daga tushen da ke nufin ciyarwa, wanda daga gare shi ne aka sami “pastor”, makiyayi, kafin ta koma sunan limamin coci. Da Hausa, ɗaya makiyaya ce, ɗayar kuma gonar ingirici. Dalilin da ya sa Bature na dā ya raba su shi ne hunturu, domin daga wajen Nuwamba zuwa Maris ciyawa ba ta tashi, dabbobi suna ɗaki, kuma yawan shanun da mutum zai iya tsallakarwa zuwa sabuwar shekara ya dogara ne ga yawan ingiricin da ya tara, shi ya sa sau da yawa ekar “meadow” ta fi ekar gonar hatsi tsada. Duk wanda ya ga yadda ake ɗora harawa a kan rufin soro ko a tsakanin rassan bishiya domin jiran rani ya riga ya fahimci wannan lissafi, bambancin kawai shi ne su sanyi ke kashe musu ciyawa, mu kuma fari. Ita kuwa “mead” da mawaƙa ke so, kalma ɗaya ce da “meadow” da ta zo ta wata sigar nahawu ta tsohon Turanci, kuma ita ce a ƙarshen sunan Runnymede, fadamar da Sarki John ya amince da Magna Carta, takardar da ta iyakance ikon sarki, a 1215. Mai koyo ya kiyaye kada ya haɗa ta da wata “mead” ɗin daban, wadda sunan wata giya ce da ake yi da zuma.

Dattijon ne ya ba ni shawarar in je Cricklade idan ina son ganin “meadow” ta gaskiya tana aikinta. Asabar mai zuwa na hau jirgi zuwa Swindon, daga nan na shiga bas zuwa wannan ƙaramin gari na lardin Wiltshire. A bayan garin, tsakanin Thames da wani ƙaramin kogi mai suna Churn, North Meadow take, fadama ce da ruwa ke malalewa a kanta da hunturu ya bar mata laka mai taki. An fi sanin ta da wani fure mai kamar ƙararrawa da ke buɗewa a watan Afrilu, wanda aka ce kusan kashi 80 cikin 100 na irinsa da ke tsirowa da kansa a Birtaniya a nan yake. Ni ban riski furen ba, abin da na riska shi ne ciyawa har gwiwa, gauraye da ƙananan furanni ja da rawaya da fari, tana jiran yanka a watan Yuli, da wasu tsofaffin duwatsu da aka kakkafa domin nuna rabon kowane mai ingirici.

A wannan fili shekara ta rabu biyu. Daga 12 ga Fabrairu zuwa 12 ga Agusta filin na masu ingirici ne, ba a sakin dabba ko ɗaya, daga 12 ga Agusta kuma zuwa Fabrairu ya zama makiyayar mutanen garin. Irin wannan ƙasa ita ake kira “Lammas land”. Lammas wani biki ne na 1 ga Agusta da ake kai burodin sabuwar alkama coci, sunan ma daga tsofaffin kalmomin burodi da addu'ar coci aka haɗa shi. Abin da ya mayar da ranar 12 ga wata shi ne gyaran kalandar da Birtaniya ta yi a 1752, inda aka tsallake kwana 11, amma manoma suka ci gaba da bin tsohon lissafinsu, domin ciyawa ba ta san an sauya kalanda ba. Har yau garin yana naɗa jami'in da ake kira “hayward” domin lura da sakin dabbobin. Mai koyo zai ɗauka farkon kalmar “hay” ce ta ingirici, alhali daga tsohuwar kalmar shinge ta fito, ma'anarta mai tsaron shinge, wanda ke hana dabba faɗa wa amfanin gona kafin lokaci. Ban ga baƙon abu a wannan tsari ba, domin a ƙauyenmu ma gona ta mai ita ce har a kwashe amfani, bayan kaka kuma a buɗe wa shanu su ci kara su bar taki.

A nan ne na ci karo da kalmar da ta fi burge ni a duk tafiyar. Wata mata da ke cikin masu aikin sa kai na kula da wurin ta ce mini bayan an yi yanka shanu za su shigo su ci “aftermath”. Ni dai a labaran rediyo da jarida na san wannan kalma, inda take nufin abin da ya biyo bayan yaƙi ko ambaliya ko girgizar ƙasa. Ashe “math” tsohuwar kalma ce mai nufin yanka, ba ta da dangantaka da lissafi, saboda haka “aftermath” ita ce sabon tohon da ke tashi bayan lauje ya wuce. Nan take gyauro ya faɗo mini a rai, domin shi ma daga gona ya fito, abin da ya sake tsirowa bayan girbi, amma yau an fi jin sa a bakin 'yan jarida suna zancen gyauron mayaƙa ko gyauron wata tsohuwar gwamnati. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba sun ɗauki kalmar gona sun kai ta fagen siyasa da masifa ta hanya kusan ɗaya, kuma ina ganin ɗalibin da aka koya wa “aftermath” ta wannan ƙofa ba zai sake mantawa da ita ba.

Ita “lea” da ɗalibata ta tambaya, ban same ta a bakin kowa ba, a allunan tashoshi da taswira na same ta. Asalinta wurin da aka sassabe a tsakiyar daji, daga baya ta koma nufin buɗaɗɗen fili mai ciyawa, sannan ta fice daga maganar yau da kullum ta zauna a waƙa da sunayen garuruwa, inda take fitowa a ƙarshen suna da siffar “ley” ko “leigh”. Matasanmu masu kallon ƙwallo suna furta ta kowane mako ba su sani ba, domin Wembley sassaben wani mutum ne mai suna Wemba, Burnley da Barnsley ma wannan wutsiyar ce gare su. West Ham kuwa daga “hamm” take, wato busasshen wuri tsakanin ruwaye ko fadama, Sheffield kuma buɗaɗɗen filin da ke gaɓar Kogin Sheaf ne, domin a farko “field” ba ta nufin gona mai shinge, tana nufin sararin da babu bishiyoyi.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne Laxton a lardin Nottinghamshire. Na sauka daga jirgi a Newark na ɗauki tasi, domin motocin haya ba su cika shiga ƙauyen ba. Tun daga bakin gari mutum zai lura da wani abu da ya bambanta shi da sauran ƙauyukan Ingila, wato gidajen manoma na jan bulo suna jere a kan titin ƙauyen, da rumbunansu da taraktocinsu, maimakon kowa ya ware a tsakiyar gonarsa. Dalili shi ne Laxton ce kaɗai ta rage a ƙasar da har yau ake noma bisa tsohon tsarin buɗaɗɗun filaye a ƙarƙashin kotun gargajiya. Ƙauyen yana da manyan filaye uku, Mill Field da South Field da West Field, babu shinge a cikinsu, an yanyanka su ziri-ziri, kuma kowane manomi yana da zirinsa a warwatse cikin dukan ukun, domin kowa ya sami rabonsa na ƙasa mai kyau da marar kyau, ta kusa da ta nesa. Taswirar da Mark Pierce ya zana a 1635, wadda ke ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ta nuna ziri fiye da 2,000. An haɗe da yawa daga cikinsu a farkon ƙarni na 20 har suka yi faɗi, amma tsarin bai rushe ba.

Wani manomi da ya manyanta ya yarda ya zagaya da ni Mill Field, kuma a cikin awa biyu ya furta kalmomin da na yi shekaru ina ganin su kwance a ƙamus. Ya fara da bayan gidansa, inda ya nuna mini “toft”, wato filin da gidan ke kai, da “croft”, 'yar doguwar gonar bayan gida mai shinge, wadda ba ta da maraba da garkar da iyayenmu ke shuka kuɓewa da yakuwa. Da muka fita sarari ya ce bana wannan fili alkamar hunturu ke kansa, na biyun amfanin bazara, na ukun kuma “fallow” ne, baɗi kuma a juya. “Fallow” ita ce saura, gonar da aka bari ta huta, sai dai tasu hutun shekara ɗaya ne cikin uku kuma doka ce a kan kowa, ba zaɓin mai gona ba. Ya ce yanzu an yarda a shuka ciyawar dabbobi a filin da ke hutu, kuma ciyawar da aka shuka ta ɗan lokaci cikin juyin amfanin gona ita manoman yau ke kira “ley”. Wato dai 'yar'uwar kalmar mawaƙan nan tana nan da rai a bakin masu tarakta.

Daga nan muka shiga awo, inda na gano cewa ma'aunin ƙasa na Turawa daga ƙarfin shanun huɗa aka ciro shi. “Furlong” haɗin kalma biyu ce, tsawon kwarin kunya, wato nisan da shanun huɗa za su ja garma kafin a tsaya a juya, wanda daga baya aka tsayar da shi a yadi 220, kimanin mita 201, kashi ɗaya cikin takwas na mil. Har yau da ita ake auna tseren dawakai a Birtaniya. Idan aka ɗauki wannan tsawo aka ba shi faɗin yadi 22, an sami “acre”, wadda a al'adance ita ce abin da shanu za su huɗe a yini ɗaya, murabba'in mita 4,047 a lissafin yau, rubu'inta kuma shi ne “rood”. Wannan “acre” ita ce ekar da muke faɗa a Kano da Katsina idan ana cinikin gona, kuma na tsaya a kan zirin da ya haife ta ina mamakin nisan tafiyar da kalmar ta yi. A Laxton “furlong” tana da ma'ana ta biyu, wato rukunin ziri da suka kwanta fuska ɗaya.

Manomin ya nuna mini “headland”, bakin gona inda shanu ke juyawa, wanda ba a huɗe shi sai a ƙarshe, ya kuma bayyana mini dalilin da ya sa tsofaffin ziri ke da ɗan lanƙwasa a kowane ƙarshe. Garmar dā mai nauyi ce, ƙasar kuma yumɓu ce, har shanu takwas ake ɗaura wa karkiya, kuma irin wannan dogon ayari dole ya fara karkata tun kafin ya kai bakin gona. Saboda garmar tana jefa ƙasa gefe ɗaya kullum, shekara bayan shekara tsakiyar zirin ya tashi, gefensa ya zurma, ruwa ya sami hanyar gudu. Wannan shi ne “ridge and furrow”, kunya da kwarinta, sai dai kunyarsu ɗaya ta fi tamu faɗi nesa ba kusa ba, domin takan kai taku da yawa. A jirgin da ya kawo ni na riga na ga irin wannan tudu da kwari kwance a ƙarƙashin ciyawar makiyayu kamar tabarmar da aka naɗe aka warware, shaidar cewa a dā gonakin hatsi ne. Ɗan tudun da aka bari ba a huɗe ba tsakanin gonaki shi ne “balk”, aikinsa irin na gambar da muke dasawa a kan iyaka, kuma daga shi ne aka sami aikatau na yau mai nufin mutum ko doki ya toge ya ƙi gaba. Guntun fili mai kusurwa uku da ya rage inda rukuni biyu suka haɗu shi ne “gore”, sunan da teloli ke ba ƙyallen da ake sakawa domin buɗe riga, kuma yana nan a sunan titin Kensington Gore na Landan.

Tsakanin gonakin akwai wasu ziraran ciyawa da ke bin kwari da magudanar ruwa, inda ƙasa ta yi danshi da yawa ga garma. Sunansu “sykes”, ana furta shi kamar “siks”. Ba a zuba musu takin zamani, don haka furannin da suka ɓace a wasu wurare suna nan a cikinsu, kuma kowace shekara a watan Yuni ana gwanjon ciyawarsu, inda al'ada ta ce wanda hayaƙin gidansa ke tashi a Laxton ne kaɗai ke da ikon tayawa. Da kaka ta wuce, wajen ƙarshen Nuwamba, mutum 12 daga cikin manoman tare da shugabansu sukan zagaya filin alkama ɗauke da turakun katako, su kakkafa su a kan iyaka, su rubuta sunan duk wanda garmarsa ta ci hanya ko ta shiga ciyawar jama'a ko wanda bai yashe lambatunsa ba. Bayan mako guda kotun da ake kira Court Leet ta zauna a masaukin baƙi na Dovecote Inn ta yanke tara. Lokacin da majalisar Birtaniya ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan kotuna a 1977, ta ambaci Laxton da suna ta bar mata nata. Kusa da wurin zaman kotun akwai wani ɗan kewayen bulo, “pinfold”, inda a dā jami'in da ake kira “pinder” ke tsare dabbar da ta yi ɓarna har mai ita ya biya. Wanda ya taɓa zama a ƙofar dagaci ranar da aka kawo ƙarar cin iyaka ko ɓarnar awaki ba ya bukatar tafinta a wannan kotu.

A inuwar cocin ƙauyen na tambayi manomin ma'anar “glebe”. Ya ce ita ce gonar da aka keɓe domin ciyar da limamin coci, ya noma ta da kansa ko ya ba da haya, abin da ya fi kusa da waƙafi a wurinmu. Kalmar daga Latin take, ma'anarta ta farko hoge, shi ya sa mawaƙa irin su Gray ke amfani da ita da nufin ƙasar noma kawai. Tun 1978 waɗannan gonaki suka koma hannun hukumomin cocin na yanki, amma Glebe Farm da Glebe Road suna ko'ina. Da na ji wannan sai na gane cewa amsar da ɗalibata ta cancanta guda biyu ce, ta mawaƙi da ta mai gona.

Abin da ya shafe sauran ƙauyuka irin Laxton shi ne killace filaye. Tsakanin 1604 da 1914 majalisa ta zartar da dokoki fiye da 5,200 da suka shafi eka kusan miliyan 6.8, aka tattara ziri aka mayar da su gonaki masu shingen ƙaya, aka rarraba makiyayun jama'a. Amfanin gona ya ƙaru, wannan gaskiya ne, amma talakan da saniyarsa ɗaya ke rayuwa a kan “common”, wato makiyayar jama'a, ya wayi gari ba shi da inda zai sake ta, kuma ba zan ɓoye ba cewa tunanina ya tafi ga burtalin da na sani ina yaro, wanda gonaki suka matse har ya zama 'yar siririyar hanya. Filin da aka killace shi ake kira “close”, da sautin “s” a ƙarshe, kuma ita ce kalmar da ke kan allunan titunan da ba su ɓulle ba a unguwannin Kaduna da Abuja. “Paddock” kuwa ƙaramin fili ne mai shinge kusa da barga, kuma tana nan daram a maganar masu dawakai.

Shawarata ga mai koyo, bisa abin da kunnena ya ji a makonnin nan, ita ce ya saki bakinsa da “field” da “meadow” da “pasture” da “paddock”, domin kowa zai fahimce shi. “Lea” da “mead” da “glebe” kuwa ya san su domin karatu, kada ya sa su a wasiƙar neman aiki ko a hira da direban bas. “Sward”, wadda asalinta fata take nufi, wato fatar ƙasa da ciyawa da saiwoyinta suka saƙa, tana tsakani, domin a bakin mawaƙi tsohuwa ce, amma malaman gona suna auna tsayinta da santimita har gobe.

Makon ƙarshe na nufi arewa, ta Darlington da Richmond, zuwa kwarin Swaledale a Yorkshire, inda kalmomin suka sauya kama saboda 'yan Arewacin Turai da suka zauna a yankin fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A nan fadamar bakin kogi “ings” ce, ɗan kewayen bayan gida “garth”, sassabe kuma “thwaite”, har akwai ƙauye mai wannan suna kusa da Muker, wanda shi ma sunansa ke nufin siririyar gona. Katangun dutse da aka jera ba siminti sun rarraba gangaren, kusan kowace gona da ɗan ɗakinta na dutse inda ake zuba ingirici a sama shanu su yi hunturu a ƙasa. Gonakin da ke kusa da gida su ne “inbye”, wanda aka yanko daga dajin tudu aka kewaye kuma “intake”. Bincike ya nuna cewa Ingila da Wales sun rasa kusan kashi 97 cikin 100 na irin waɗannan filayen furanni tsakanin shekarun 1930 da 1980, galibi saboda huɗa da takin zamani da kuma sabuwar hanyar yanke ciyawa ɗanya tun watan Mayu a naɗe ta a leda, kafin fure ya zubar da iri.

Hanyar da ta ratsa gonakin Muker shimfiɗar dutse ce mai faɗin mutum ɗaya, kuma an kafa allo ana roƙon masu wucewa su bi juna a jere kada su tattake abincin hunturun dabbobi. Na bi ta da la'asar, rana tana nan sama domin a wannan lokaci ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Wani manomi da ke gyaran katanga ya tsinko mini wani busasshen fure ya girgiza shi a kunnena, 'ya'yan cikinsa suka yi ƙara kamar caki, ya ce idan wannan ya fara magana lokacin yanka ya yi. Na tambaye shi ko bayan yankan zai saki tumakinsa a kan “aftermath”, sai ya ce wannan kalmar mutanen kudu ce, su a nan “fog” suke cewa, kuma ba ta da alaƙa da hazon da ke sauka a kan tudu, sunan sabuwar ciyawar ce da ke tashi a ƙarshen bazara. Na rubuta ta a shafin ƙarshe na littafina, a ƙarƙashin gyauro, shi kuma ya koma kan duwatsunsa, a gonar da ke ƙetaren kogi kuwa tarakta ta riga ta fara zagayen farko.